Yadda Ake Kafa Cibiyar Renon Ƙananan Yara da Ƙarfin Al'umma

Tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini daga bakin malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da shugabannin ƙungiyoyin mata: muna da yara birjik waɗanda ba su isa shiga firamare ba, iyayensu na fita nema tun da sassafe, ba mu da mai ɗaukar nauyinmu, ta ina za mu fara? Idan ka saurari mai tambayar da kyau, galibi gini ne a ransa: bulo nawa, kwano nawa, wa zai ba da fili. Shi ya sa na jera matakan nan yadda na jera su, kuma za ku ga maganar wuri ba ta zo ba sai a mataki na shida. Cibiyar reno mutum ce kafin ta zama ɗaki.

Aikin ya cancanci wahalarsa. A 2016 mujallar likitanci ta Lancet ta ƙiyasta cewa yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin miliyan 250, wato kashi 43 cikin ɗari na yaran ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, suna cikin haɗarin kasa kaiwa inda ya kamata su kai a girma da basira, saboda talauci da tsumburewa. Yawancinsu ba za su taɓa ganin makarantar reno ta kuɗi ba. Abin da maƙwabtansu suka haɗa musu shi za su samu.

1. Ku ƙirga yaran gida-gida

Mutum biyu, mace da namiji, da babban littafi mai layi da biro. Mako biyu sun isa ga ƙauye ko unguwa madaidaiciya. Kowane yaro ɗan ƙasa da shekara shida a rubuta sunansa, shekarunsa, ko yana da katin rigakafi da takardar haihuwa, sannan a yi tambayar da ta fi kowacce muhimmanci: daga safe zuwa tsakar rana, wa ke riƙe da yaron nan? Amsar za ta nuna muku girman matsalar. Sau da yawa za ku ji cewa yayarsa ce 'yar shekara takwas, wadda ita ma kamata ya yi tana aji.

Hattara: yaro mai lalura, kamar wanda ba ya ji ko wanda ya makara wajen tafiya, ba kasafai ake ambatonsa ga baƙo ba. Ku tambaya a hankali, "Akwai wanda ba ya fita wasa da sauran?" Kuma kada mai ƙirga ya yi alkawarin abinci ko kuɗi don a buɗe masa ƙofa. Alkawarin da aka yi a bakin ƙofa shi zai hana cibiyar zaman lafiya nan da wata uku.

2. Ku zaɓi shekarun da za ku fara da su

Ba abu ɗaya ne ke wa jariri da ɗan shekara huɗu amfani ba. Yaro daga shekara uku zuwa biyar zai iya zama cikin tsaransa na 'yan sa'o'i, don haka cibiya ta dace da shi. Wanda bai kai uku ba ya fi cin moriyar a je gidansu a koya wa mahaifiyarsa yadda za ta yi wasa da hira da shi.

Shaidar da aka fi dogara da ita a nan daga Kingston ta ƙasar Jamaika ta fito. A tsakiyar shekarun 1980, masaniyar lafiyar yara Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka riƙa tura ma'aikatan lafiya na unguwa gidajen yaran da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24, sau ɗaya a mako har tsawon shekara biyu. Ziyarar sa'a ɗaya ce, da kayan wasan da aka haɗa da hannu. Bayan shekara 20 aka bibiyi yaran, aka tarar abin da suke samu a wurin aiki ya ɗara na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kimanin kashi 25 cikin ɗari.

Shawarata ita ce ku ɗauki rukunin shekaru ɗaya daga cikin biyun nan a shekarar farko. In kuka haɗa jarirai da manyan yara a ɗaki ɗaya da mai reno ɗaya, jariran za su sha goyo, manyan su sha tsawa, babu wanda ya ƙaru. Inda kawai zan ce a karɓi 'yan shekara ɗaya da biyu tun farko shi ne inda barinsu a gida haɗari ne ga rayuwarsu. A karkarar Bangaladash, inda nutsewa a ruwa ke kashe ƙananan yara da yawa, gidajen reno na al'umma da ake kira Anchal suna riƙe yara daga ƙarfe 9 na safe zuwa 1 na rana, daidai lokacin da iyaye mata suka fi shagala da aiki, kuma bincike ya nuna haɗarin nutsewar yaran da ke zuwa ya ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari.

3. Ku kafa kwamiti, ku rubuta yarjejeniya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannu ashirin ma ba sa ɗauka, gardama suke yi. Mutum biyar zuwa bakwai sun isa. Mafi yawansu su kasance iyayen yaran da za su shiga, fiye da rabi kuma mata. Shugaba daban, ma'aji daban, kuma kada kuɗi ya fita sai da sa hannun mutum biyu.

Shirin makarantun reno na Madrasa da Gidauniyar Aga Khan ta fara a Mombasa ta Kenya a 1986, ya bazu zuwa Zanzibar da Yuganda, a kan wannan ya ginu: al'umma ce ke mallakar makarantar, ita ke zaɓen malamai mata daga cikinta, kwamitinta ke gudanarwa, masu shirin kuma su kawo horo da bibiya. Ku kwaikwayi wannan rabon aikin ko da ba ku da kowa a waje tukuna.

Kafin ku ci gaba, kwamitin ya kai ziyara wuri uku: ofishin hukumar da ke rajistar irin waɗannan cibiyoyi a ƙasarku, asibitin da ya fi kusa, da shugaban makarantar firamaren da yaran za su shiga daga baya.

Hattara: kada cibiyar ta ɗauki sunan mai neman muƙami ko tambarin jam'iyya, komai girman gudunmawarsa. Ranar da ya faɗi, rabin iyaye za su janye yaransu.

4. Ku yi lissafin shekara guda kafin ku sayi komai

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku raba takarda gida biyu. Gefe ɗaya na abin da ake saya sau ɗaya: tabarmi, mazubin ruwa mai murfi, kofuna, akwatin ajiya mai kwaɗo, gyaran wuri da bayan gida. Ɗaya gefen na abin da ke dawowa kowane wata: alawus ɗin masu reno, abinci in za a bayar, sabulu, ruwa, alli da takarda, kuɗin motar mai zuwa dubawa. Gefen farko shi ke ɗaukar ido, shi kuma masu taimako ke son biya. Gefe na biyu shi ke kashe cibiyoyi.

Ku tara kuɗin wata, ku raba da yawan yaran, sannan ku sake lissafin a kan cewa yaro ɗaya cikin kowane huɗu iyayensa ba za su iya biyan komai ba. Wannan adadi na biyu shi ne na gaskiya. Ku amince tun yanzu cewa wanda ba shi da kuɗi zai iya biya da hatsi, da itace, ko da yinin aiki, kuma kwamiti ne kaɗai zai san waɗanda aka yafe wa.

Abin ba ya buƙatar dukiya mai yawa in al'umma ta sa hannu. A lardin Gaza na Mozambik, ƙungiyar Save the Children ta fara cibiyoyin reno na ƙauye a 2008. Mutanen gari suka ba da fili da ƙarfinsu da kayan gini na gida, kuɗin gudanarwa kuma ya tsaya kimanin dalar Amurka biyu da rabi ga kowane yaro a wata. Binciken Bankin Duniya ya nuna yaran da suka halarta sun fi shiga firamare da kashi 24 cikin ɗari, yayyensu ma sun ƙara zuwa makaranta, iyayensu sun ƙara samun sukunin fita aiki.

Hattara: kada a taɓa korar yaro gida saboda bashin iyayensa. Da iyayen ake magana, ba a gaban yaron ba.

5. Ku zaɓi mai reno, ku horar da ita, ku biya ta

A nan ne cibiya ke tashi ko ta faɗi, don haka zan daɗe a kai.

Ku nemi mace mazauniyar wurin, wadda ba ta shirin ƙaura, mai jin yaren da yaran ke ji a gida, mai iya karatu da rubutu gwargwadon cika rajista. Takardar makaranta tana da amfani, amma ba ita ce ma'auni ba. Ma'aunin shi ne ku ba ta yara biyar da 'yan gwangwanaye na rabin sa'a, ku koma gefe ku zuba ido. Ta durƙusa daidai tsayinsu ko daga tsaye take magana? In yaro ya nuna mata abu, ta amsa ko ta wuce? In biyu suka yi rigima a kan gwangwani ɗaya, me ta yi da hannunta? Gani ya kori ji. Wadda ta iya wannan za a koya mata sauran. Wadda ba ta son hayaniyar yara, babu horon da zai sa mata.

Ku ɗauki biyu ko da yaran ba su da yawa, domin ɗaya za ta yi rashin lafiya ko ta haihu, kuma bai kamata babba ɗaya ya keɓe da yara ba mai ganinsa ba. Ga 'yan shekara uku zuwa biyar, kada mai reno ɗaya ta wuce yara 15. Wannan shi ne iyakar da aka saba da ita a gidajen reno na al'umma na Kolombiya, inda uwa ɗaya ke karɓar yaran maƙwabta a gidanta. In akwai 'yan ƙasa da shekara biyu, huɗu ma sun ishe ta.

Horo kada ya gaza mako biyu kafin buɗewa, kuma rabinsa ya zama aiki da yara na gaske, ba zama a kan benci ana kwafar allo ba. Akwai kayan horo da ake samu kyauta: Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suna da kundin koyar da kula da bunƙasar yaro, tsarin Jamaika kuma an mayar da shi manhaja mai suna Reach Up. Ku nemi ma'aikacin lafiya ko malamin da aka horar a kansu ya jagoranta.

Abin da aka fi mantawa shi ne bayan horon. Mutum ya dawo daga bita da zafinsa, bayan wata biyu ya koma yadda aka rene shi, wato haddar dole da tsawa. Maganin wannan shi ne mai dubawa da zai zo aƙalla sau ɗaya a wata, ya zauna yini guda, ya faɗi abu biyu da suka yi kyau da abu ɗaya da za a gyara, ya kuma nuna gyaran da hannunsa. Ba binciken laifi ya kawo shi ba.

Hattara: "aikin sa kai" kalma ce mai daɗi a taro, amma matar da ke ba ku safiyarta kwana biyar a mako ta bar sana'arta ne. In ba a biya ta ba za ta tafi, da horon da kuka kashe wa kuɗi, yaran kuma su sake sabawa da baƙuwar fuska. Ku yanka mata abin da za ku iya, ko kaɗan ne, ku biya a ranar da kuka ce.

Hattara ta biyu: babu bulala, babu ranƙwashi, babu tsorata yaro da duhu ko dodo. A rubuta wannan, mai reno ta sa hannu, iyaye ma a karanta musu, domin wasunsu da kansu za su ce a riƙa dukan. A kuma rubuta sunan wanda aka yarda ya ɗauki kowane yaro in an tashi.

6. Wuri

Yanzu ne aka zo maganar wuri, kuma ba lallai ne gini ba. Rumfa mai kyau, ɗakin taro da ba kowa da safe, ko aji ɗaya da firamare ta ara muku, duk sun isa farawa. Abin da ba a sassautawa biyar ne: inuwa da iska, shinge mai ƙofa ɗaya, ruwan sha mai tsabta a rufe, bayan gida mai ƙaramin rami da yaro ba zai zurma ba, da wurin wanke hannu da sabulu a bakinsa. Galan mai huji da aka rataye a sanda yana yin wannan aikin. Nisan wurin kada ya wuce abin da ɗan shekara uku zai taka ba a ɗauke shi ba.

Hattara: ku zagaya wurin a durƙushe, da idon yaro. Rijiya ko kududdufi a buɗe, murhu, fasasshiyar kwalba, maganin ƙwari, titin mota, duk a kawar ko a toshe kafin yaro na farko ya shigo. In wani ne ya ba da filin, a rubuta sharuɗɗan a gaban shaidu tun yana raye, tun ana dariya.

7. Kayan wasa

Ku kira iyaye yini ɗaya ku haɗa su tare. Murafen kwalba don ƙirga da ware launi, gwangwanaye masu girma daban-daban don jerawa, guntayen katako da aka goge, 'yar tsana da ƙwallon tsumma, kwali da aka zana hoto aka yanka gida huɗu, yashi da ruwa da kofuna. Littafin hoto ma ana ɗinka shi da kwali da zare. Kada ku kashe kuɗi a kan tebura da kujeru. Tabarma ta fi su amfani a wannan shekarun.

Hattara: duk abin da zai shige bakin yaro gaba ɗaya, a nisanta shi da 'yan ƙasa da shekara uku. Kuma kayan wasan da aka kulle a akwati don kada su lalace ba su da maraba da babu.

8. Tsarin yini

Sa'a uku zuwa huɗu sun wadatar. Ku fara da da'ira: gaisuwa, kiran kowane yaro da sunansa, waƙa. Sai lokaci mai tsawo, kusan sa'a guda, na wasan zaɓi, inda aka baza kaya a kusurwoyi yaro ya je inda yake so, mai reno tana zagayawa tana tambaya: me ka gina, wanne ya fi tsawo, in muka cire ɗaya saura nawa? Daga nan wanke hannu da cin abinci, sai guje-guje a waje, a rufe da labari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai wannan shekarun yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a yini, don haka wasan waje ba ɓata lokaci ba ne.

A yi komai da harshen da yaro ke ji a gida. Yaron da ya iya ba da labari da yarensa, ya iya tambaya, ya iya jiran layinsa, ya riƙe alli da kyau, shi ne ya shirya wa aji ɗaya.

Hattara: kuskuren da ya fi yawa shi ne mayar da cibiyar ƙaramar firamare, a jera 'yan shekara uku suna maimaita haruffan baƙon harshe da ƙarfi har su gaji. Iyaye za su matsa a yi hakan, don shi ne abin da suke iya ji da kunnensu a ce ana karatu. Ku gayyace su su zauna su kalli wasan zaɓi, mai reno tana bayyana musu abin da yaro ke koya a kowace kusurwa.

9. Abinci da lafiya

Yaro mai jin yunwa ba ya wasa, balle koyo. In za ku iya ba da abinci sau ɗaya, ya haɗa hatsi da wani abu mai gina jiki kamar wake ko ƙwai, da ɗan mai da ganye. In ba za ku iya kowace rana ba, ku faɗi gaskiya tun farko, ku tsara kwanakin da za ku iya riƙewa har ƙarshen shekara.

Cibiya ba asibiti ba ce, aikinta ganowa da turawa. Ku roƙi ma'aikacin lafiya ya riƙa zuwa duba katin rigakafi, ya ba da sinadarin bitamin A duk wata shida da maganin tsutsar ciki. Mai reno ta koyi awon damtse da tef mai launi, sau ɗaya a wata: ga yaro ɗan wata 6 zuwa 59, ƙasa da santimita 11.5, wato ja, tamowa ce mai tsanani, a kai shi asibiti ranar, tsakanin 11.5 da 12.5, wato rawaya, a sanar da ma'aikacin lafiya a kuma zauna da iyaye. Kumburin ƙafafu biyu ma alama ce ta gaggawa ko da awon ya yi kyau.

Hattara: mai reno ba ta ba da magani da ra'ayin kanta. Yaro mai zazzaɓi, gudawa ko ƙuraje a ware shi a kira iyayensa. Mai gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti kafin su iso.

10. Ku jawo iyaye ciki

Yaro yana wurinku sa'a huɗu, yana gida sa'a ashirin. A Malawi, inda cibiyoyin reno na al'umma suka yawaita, an gwada horar da masu reno kaɗai, an kuma gwada haɗa horon da zaman koyar da iyaye. Inda aka haɗa biyun ne yaran suka nuna ci gaba a harshe da zamantakewa. Da aka sake aunawa daga baya, bambancin ya dusashe, abin da ke nuna mini cewa zaman iyaye ba abin yi sau goma a daina ba ne.

Ku sa zama ɗaya a wata, kada ya wuce sa'a guda. Kowane zama abu ɗaya: yadda ake hira da jariri ana masa wanka, yadda ake kallon hoto tare, abin da za a yi in yaro ya yi taurin kai. A gwada a wurin, da yaran a cinya. Ku kira iyaye maza a lokacin da ya dace da su, ku kuma ba kakanni wuri na musamman, domin da tsohuwar zuma ake magani: su ne ma'ajiyar labarai da waƙoƙin da cibiyar ke buƙata, kuma in ba su gamsu ba, abin da aka koya wa uwa ba zai yi aiki a gida ba.

11. Buɗewa da wata ukun farko

Ku fara da yara 20 zuwa 30, ba duk waɗanda ke littafin ba. Ku fifita marayu, masu lalura, da waɗanda yara 'yan uwansu ke reno. Makon farko a bar iyaye su zauna kusa, a tashi da wuri. Kukan rabuwa yakan lafa cikin kwanaki.

Littattafai uku kawai za ku riƙe: na halarta, na kuɗi, na awo da rigakafi. Na halarta shi ne madubinku. Yaron da ya yi kwana uku bai zo ba, a je gidansu a ji dalili. In yara da yawa suka ragu a lokaci ɗaya, ku duba ko lokacin buɗewa ya ci karo da aikin iyaye, ku sauya sa'o'in. Kowane wata uku ma'aji ya karanta shiga da fita a gaban iyaye duka.

Wata biyu kafin sabuwar shekarar karatu, mai reno ta kai waɗanda suka isa firamare su ga ajinsu da malaminsu, kwamiti ya tabbatar kowannensu yana da takardar haihuwa kuma sunansa ya shiga rajistar makarantar. Guraben da suka bari, a koma littafin ƙirgar mataki na ɗaya a cike su, bayan an sake zagaya gidajen an ƙara sunayen waɗanda aka haifa a cikin shekarar.